Batirin Kawu da Tumunin Inna

Saura ƙiris in bar wannan labari a cikina. Da aka ce in rubuta wani abu a kan Kawu, na yi niyyar in rubuta irin wanda kowa ke rubutawa: mutum ne mai haƙuri, mai zumunci, Allah ya ji ƙansa, khalas, shi ke nan. Duk gaskiya ne, amma wanda ya karanta wannan ba zai gane Kawu ba ko da sun yi kiciɓis a matakala. Labarin da zai sa a gane shi kuwa akwai masu rai a ciki waɗanda nake jin nauyinsu. Matarsa, Inna, ita ta raba mini gardama. Ta ce, "Faɗa, ɗan nan. In ba ka faɗa ba ɗaliban nan za su faɗa, kuma sai sun ƙara gishiri."

Kawu yayan mahaifiyata ne. Karatu ya kawo shi Alƙahira tun ban san hanyar makaranta ba, karatun ya ƙare, shi bai koma ba. Ya yi gyaran rediyo, ya yi na fanka, ya ƙare a gyaran waya a wani lungu na unguwar Ard al-Liwa. Ranar da ya rasu ina garin, na rako wani maras lafiya. Da muka dawo daga maƙabarta na ga abin da ban taɓa gani a zaman makoki ba: kowa ya buɗe baki sai ya ambaci ganye. Wani ɗalibi ɗan Katsina ya ce, "Shi ke nan, ni da miyar yakuwa sai na koma gida." Wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da ta taso tun daga unguwar Arba wa Nus tana share hawaye tana cewa da mijinta yana kwance a asibiti ya ƙi cin komai, Kawu ne ya riƙa shiga microbus, ƙaramar bas ta haya, da kwanon miyar rama a cinyarsa yana kai masa. Bawwab ɗin gidan, wato mai tsaron ƙofa, mutumin da ban taɓa jin ya yabi ɗan haya ba, ya riƙe hannuna ya ce, "Manomi ne, ya ustaz. Manomin da ban taɓa ganin ya ɗauki bokitin ruwa ba."

Inna kuwa tana ɗaki ta shiga takaba. Duk wanda ya san yadda zaman gidan yake, in ya yi mata gaisuwa ya fito, sai ka ga ya ɗaga kai ya kalli sama. Ga dalili.

Su Kawu suna hawa na uku. Mai benen, wani Bamisire da muke kira Hajji, yana hawan ƙarshe, rufin benen yana daidai kan falonsa. A kan rufin nan Kawu ya yi lambu. Da ya nemi izini, Hajji ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Ɗigo ɗaya. Ranar da ɗigo ɗaya ya sauko mini daga sama, kai da iyalinka da ganyenka kuna titi." Kawu ya ce tamam, ya yarda. Takardar hayar kuma da sunan Kawu take, duk shekara ake sabuntawa, ta zo gab da ƙarewa ya rasu. 'Ya'yansu sun watse, babban yana Kano, macen tana Yamai. Inna ba ta da kowa a Masar sai mu, ba ta da wani ɗaki da za ta ƙarasa takabarta sai wannan. Zamanta a gidan mijinta ya koma hannun Hajji, da kuma rufin da ke kansa.

Lambun nan, in ka hau ka gan shi sai ka manta a ina kake. Tsofaffin bokitan fenti, tayoyi, rabin ganguna, an jera su layi-layi. Yakuwa, rama, kuɓewa, attarugu, gauta, ɗoɗɗoya, da wani zogale da ya fi ni tsawo. Kewaye da kai kuma ba abin da kake gani sai jan bulo da farantan dish da kejin tantabaru na maƙwabta. Siririn baƙin tiyo ya bi ta gindin kowace shuka yana ɗigar da ruwa. A cikin wasu bokitan ya soka wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da ke jin danshin ƙasa. In ƙasa ta bushe, ɗan ƙarfen ya gaya wa wani ɗan allo da bai fi kwalin ashana ba, allon ya yi ƙas, ruwa ya taho. In ta ƙoshi, ya sake yin ƙas, ruwa ya tsaya.

Ni ne ɗan aikensa. Na yi yawo daidai gwargwado, Guangzhou, Dubai, Jidda, Istanbul, kuma duk inda na nufa sai saƙon Kawu ya riga ni sauka. Mutane suna aiken turare da agogo, shi hoton wani ɗan abu mai ƙafafu zai turo ya ce, "Matafiyi, irin wannan. Ka duba da kyau, kada ka kawo mini ƙaninsa." Na taɓa kawo masa ƙanin. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Ka tsallake teku da hamada, ka zo mini da wannan? Da akuya na aika, aƙalla da ta dawo da ƙiba."

Abin da ya fi cin ransa shi ne wuta. Da farko daga fitilar matakala ya ja waya, maƙwabta suka taso masa, wai da wutarsu yake kiwon ganye. Ya cire ya ja daga ɗakinsa. Sai ga shekarar da aka riƙa ɗauke wuta da tsakar rana a tsakiyar zafi. A lokacin ya tafi Umra. Wuta ta ɗauke, allon ya rikice, bawul ɗin da ke buɗe ruwa ya zauna a rufe. Da ya dawo ya tarar da kara. Inna ta ce ya zauna a kan tayar mota a rufin nan har la'asar, don a cikin abin da ya ƙone akwai zogalen da ya ɗebo irinsa daga bayan ɗakin kakarmu.

Daga nan ya rabu da wutar gwamnati. Ya kafa farantin sola a sama, ya samo batirin mota. Batirin farko zafin rufi ya kumbura shi, don haka na biyu a ɗakin kwanansu ya ajiye shi, ƙarƙashin taga, tare da allon. Waya ta sauko daga farantin ta cikin ramin iska na tsakiyar benen, wata ta koma sama zuwa bawul. Inna ta ce ita dai tunda ba a gado ya kwantar da shi ba, ta gode.

Rigimarmu da shi a kan bawul ɗin nan ce. Ashe iri biyu ne. Akwai wanda in wuta ta yanke yake rufewa, shi kowa ke sa wa. Akwai kuma wanda in wuta ta yanke yake buɗewa, sai da wuta yake zama a rufe. Kawu ya ce na biyun zan kawo masa.

Na ce, "Kawu, wannan fa batirinka zai wuni yana wahala don kawai ya riƙe ruwa."

Ya ce, "Ni ma haka nake wuni ina riƙe bakina a kanka, ban mutu ba."

"Ba wasa nake ba. In wani abu ya samu batirin, ruwa zai yi ta zuba a kan Hajji."

"Me zai samu batirin ina nan?"

"In ba ka nan fa?"

Sai ya daina dariya. Ya ce, "In ba na nan, shukokin su sha har wani ya hau. Na ga ƙishirwa sau ɗaya, ba zan sake gani ba."

Na ce masa wannan son kai ne, da ɗakin Inna yake caca. Ban taɓa gaya masa magana mai kauri haka ba. Ya kalle ni ya ce, "Ka gama? To sauka ka ci abinci." Mun yi makonni ba ma waya. Da na tashi wata tafiyar sai ga hoton bawul ɗin ya shigo, ba ko sallama. Na sayo masa.

Ƙanin Kawu, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya iso daga Damagaram washegarin jana'iza da yamma. Ɗan kasuwa ne mai tsoron Allah, irin wanda in ya tsinci allura a shagonsa sai ya yi cigiya. Bai taɓa zuwa Masar ba, bai taɓa ganin lambun ba. Yana gama gaisuwa ya yi abin da ya san babba yana yi in an yi rasuwa: ya ce a tattara kayan mamaci wuri ɗaya a kulle har a raba gado. Agogo, wayoyi, akwatin kayan gyara, duk matan suka miƙo masa ya zuba a kabad ɗin falo. Da ya hango batir a ƙarƙashin taga da ɗan allo yana ƙyaftawa, ya ce wannan ma dukiyar magada ce, ba daidai ba ne a bar ta tana ƙarewa. Aka cire batirin, aka kulle. Inna tana banɗaki lokacin, da ta fito kuma ɗaki cike da mata, hankalinta ba ya kan taga. Ni ina asibiti wurin maras lafiyar da na rako.

Ranar addu'ar uku jama'a suka yi yawa, falo ba zai ɗauka ba, muka ce a shimfiɗa tabarmi a rufi. Da hantsi na hau da ɗalibai. Ina tura ƙofar rufin, ruwa ya shafe mini takalmi.

Kowane bokiti ya cika ya tumbatsa. Tiyo yana ta ɗiga abinsa a hankali, kamar ba abin da ya faru, tun jiya. Ƙasar da ta malalo ta toshe magudanar rufin. Ruwan ya taru ya kai idon sawu a kusurwar da ta fi gangara, kuma na san abin da ke ƙarƙashin wannan kusurwar.

Na nufi famfon da ake rufewa da hannu. Yana cikin kejin ƙarfen da tankin gidan yake, an datse da kwaɗo, mabuɗin yana aljihun Hajji, Hajji yana shagonsa. Bututun da ya fito daga kejin na roba ne mai tauri, ba ya lanƙwasuwa. Wani ɗalibi ya ce a yanke, na ce in ka yanke tankin gaba ɗaya zai juye mana. Bawwab ya hau yana haki, ya ga ruwa, ya dafe kai.

"Ya kharabi! Mun shiga uku! A kashe wuta! A kashe wutar gidan!"

Ya ruga ya kashe. Injin da ke cika tanki ya tsaya, amma tankin a cike yake, ruwa bai fasa ba.

Na ce, "Ba kashewa ake so ba, kunnawa ake so."

Suka kalle ni kamar na zautu. Ban tsaya bayani ba. Na ce su kama kwasa da bokiti, su tona magudanar da hannu, na sauka a guje. Bawwab yana bayana yana cewa Hajji da azahar yake dawowa cin abinci, bai taɓa fashi ba, kuma shi ma yau aikinsa ya ƙare.

Na sami Kawu Ƙarami a falo da carbi. Na durƙusa na gaya masa a gurguje.

Ya ce, "Ban gane ba. Na cire wuta, sai ruwa ya zo?"

"Haka Kawu ya haɗa shi. A ba ni batirin, in an mayar zai tsaya."

"Ɗana, wannan batir ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Na magada ne. Kira babban ɗansa, in ya yarda ga mabuɗi."

Na kira Kano. Waya tana ta ringi, shi ma yana can yana karɓar gaisuwa. Na kira Yamai, a kashe. Na sake kiran Kano. Daga sama ina jin ƙarar bokitai da muryar ɗalibai. Dattawan da ke falo suka rabu biyu, wasu na cewa lalura ce, wasu na cewa a dai sami yaron. Wani ya fara kawo abin da malamai suka ce, wani ya katse shi da abin da wasu malaman suka ce.

Na ce wa Kawu Ƙarami, "Kawu, don girman Allah. In ruwan nan ya sauka falon Hajji, Inna ba ta da inda za ta yi takaba."

Ya dafe aljihun da mabuɗin yake. Ya ce, "Ni za a tambaya ranar gobe ƙiyama, ba kai ba. Jiya na iso ban tarar da Yaya ba, ko gawarsa ban samu ba. Abu ɗaya da ya rage in yi masa shi ne in tsare wa 'ya'yansa haƙƙinsu. Kada ka sa ni in ci amanarsa tun kwana uku."

Na dube shi. Ba taurin kai ne a fuskarsa ba, tsoro ne.

Sai muryar Inna ta fito daga bayan labule. Tun rasuwar ban ji ta ɗaga murya ba.

"Ƙanin Malam."

"Na'am, matar Yaya."

"Ina cikin magada ko ba na ciki?"

"Kina ciki mana. Kina da tumuninki."

"To batirin nan na ɗauka. In an zo rabo a sa mini shi a tumunina, da allon, da wayoyin. Ga dattawa nan sun ji. Miƙo mini kayana."

Kawu Ƙarami ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Kun shaida?" Suka ce sun shaida. Kafin su rufe baki ya buɗe kabad, ya rungumo batirin da kansa ya ajiye a bakin labule. Mata biyu suka ja shi ciki. Na tsaya a waje na fara cewa, "Inna, jar wayar ita ce..."

Ta ce, "Yi mini shiru, ɗan nan. Shekara nawa ina share ƙarƙashin abin nan?"

Muka tsaya muna sauraro. Na ji ƙarar ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Na ji ta yi bismillah. Shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara tunanin batirin ya sauka. Sai ƙas.

Ta ramin iska wani ɗalibi ya ƙwala daga sama, "Ya tsaya! Wallahi ya tsaya!"

Wani dattijo ya fara hamdala. Bai kai ƙarshe ba muka ji takun Hajji a matakala.

Ya tsaya a ƙofar falon da ledar burodi a hannu. Ya yi mana gaisuwar rasuwa cikakkiya, bai rage komai ba. Sannan ya nuna ni ya ce, "Kai, ya ustaz. Zo ka ga wani abu."

Na bi shi sama. Matarsa ta riga ta kira shi a waya. Silin falonsa ya yi wani babban tabo kamar taswira, fenti ya kumbura ya rataye, ruwa yana bin sarƙar fitilar tsakiya yana ɗiga cikin roba. An janye kujeru, an naɗe kafet. Hajji bai yi ihu ba, da ya yi da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Ɗigo nawa na ce?"

"Ɗaya, ya Hajji."

"Ƙirga."

Na ce ma'alish, ya yi haƙuri, za mu gyara, fenti da siminti duk a kanmu. Ya ce gyara dole ne, ba shi ake magana ba. Ƙarshen wata yana son mabuɗinsa.

Na ce, "Ya Hajji, matar tana idda. Kwana uku da binne mijinta. Ba ta da ɗa a ƙasar nan. In ta fita daga ɗakin nan, ina za ta zauna ta ƙarasa?"

Ya juya mini baya yana kallon robar. Ɗigo yana sauka, yana sauka. Matarsa ta faɗi wata magana ƙasa-ƙasa daga ƙofar kicin, ya ɗaga mata hannu. Na tsaya da jiƙaƙƙen wando, ban san inda zan sa idona ba.

Can ya ce, "Ni ba kafiri ba ne. Ta gama iddarta. Bayan nan, in ɗanta ya zo, mu yi magana a kan takarda." Na buɗe baki zan yi godiya, ya tare ni. "Amma kafin magariba ba na son ganin ko gwangwani ɗaya a kaina. Ba ganye, ba tiyo, ba faranti. Ko ita ko lambun. Yalla, maza."

Ni na kai wa Inna saƙon ta bayan labule. Da ta yi magana muryarta a daidai take. Ta ce, "Ku sauke. Amma kada a zubar da ko ɗaya. Duk wanda ya zo gaisuwa ya tafi da bokitinsa."

Na ga Kawu Ƙarami ya buɗe baki, na san abin da zai ce, shukar ma ta magada ce. Ya rufe. Ya cire babbar rigarsa ya ninke, ya hau rufin da bai taɓa gani ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon layin yakuwa da kuɓewa a tsakiyar Alƙahira, ya daɗe a tsaye. Sannan ya sunkuya ya ɗauki bokitin da ya fi kowanne nauyi.

Haka aka yi addu'ar ukun Kawu, a matakala, kowa da laka a gaban riga. Malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa suna miƙa wa juna bokiti hawa-hawa ana salati. Attarugu ya tafi Giza a tasi. Rama ta shiga microbus zuwa Arba wa Nus. Zogalen ne ya ƙi bin kwanar matakala, dole aka sare shi, aka raba rassan ga masu son dasawa. Da yamma babban ɗan ya kira daga Kano, ya ji komai, ya ce Allah ya sa sadaka ce. Kafin kiran magariba rufin ya koma siminti da tabon bokitai.

Inna ta gama takabarta a ɗakin mijinta. Allah ya shayar da Kawu daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya mana baƙunta, ya ba Inna da 'ya'yansa juriyar rashinsa.

Ni na raka Kawu Ƙarami filin jirgi. A tasi yana ta kallon rufin gidaje ta taga. Sai da muka kusa ya dafa gwiwata, bai kalle ni ba, ya ce, "Ɗana, kai ka san kan abin nan. Gaya mini tsakaninka da Allah. Lambun Yaya, ni na kashe shi, ko shi Yayan da kansa?"